Matakala Ɗari da Goma Sha Bakwai

Daga ƙofarmu zuwa bakin teku a Valparaíso
matakala ɗari da goma sha bakwai ne.
Ban taɓa ƙirga su ba
sai ranar da muka sauko da Tizón cikin kwandon kifi,
ni da kunne ɗaya na kwandon, Eliseo da ɗayan,
jini yana ratsa tsohon bargo.

Watansa takwas a duniya.
Tsuntsun teku ya bi a kan rufin kwano,
kwanon ya ƙare, shi bai gama gudu ba.

Likita Quiroga ta ɗaga hoton ƙashi ga fitila.
Wannan ya wuce karaya, in ji ta,
kamar an taka busasshen burodi.
Ƙafar baya, ta hagu. Ba ta ɗoruwa.
Ta turo takarda da biro.

Tun yana ɗan shekara goma Eliseo ke ɗinkin koma,
hannunsa bai san rawa ba.
Ran nan sau biyu biron ya faɗi.
Ya ce, Doña Hortensia, ni na bar tagar a buɗe.
Na ce, sa hannu, yaro,
zancen taga sai wata rana.

Awa uku a kan benci.
Ban ce masa komai zai yi daidai ba.
Na binne miji, na san nauyin wannan magana,
ba ta kai gashin kaza ba.
Shayi na zuba masa a murfin filas,
ya riƙe har ya huce.

Kuɗin aikin daga kwalbar da na ajiye a shagon burodi ya fito.
Har Don Baltasar, mai jifan karnuka da takalmi,
ya nannaɗe takarda ya cusa,
yana duban rufi kamar ba shi ba.

Da aka fito da shi, an aske rabin jikinsa,
an sa masa mazurari a wuya.
Inda ƙafa take, sai layin zare.
Na zata yaron zai kau da kai.
Ya durƙusa, ya bi ɗinkin da ido, ƙulli bayan ƙulli,
ya ja hanci, ya ce,
matar nan ta iya ɗinki.

Daren farko a ƙasa muka kwana, mu uku.
Magani cikin cuku, ya lashe cukun ya tofo ƙwayar.
Tawul a ƙarƙashin ciki, mu ɗaga, ya tsaya, ya zube,
ya dube mu kamar mu ne muka karkata ɗakin.

Abin da ya karya Eliseo
ba jinin ba ne, ba kukan asuba ba.
Kunne ne ya yi wa Tizón ƙaiƙayi,
ya langaɓe kai yadda ya saba,
dungun ya motsa, ya motsa,
yana susar iska.

Na kama hannun yaron na ɗora bayan kunnen.
Na ce, daga yau wannan aikinka ne,
kuma ba a biya.

Kwana ashirin da uku, aka buɗe ƙofa.
Mu muna ƙirga abin da ya ragu,
shi yana shinshina ƙamshin kifi daga ƙasa.
Tsalle, dira, tsalle,
jela tana neman inda nauyi ya koma.

A ta arba'in ya zauna, harshe waje.
Eliseo ya sunkuya zai ɗauke shi,
na riƙe gefen rigarsa.
Jirgin ruwa ya yi kuka can nesa.
Gwiwoyina ma sun gode da hutun.

Sai ga tsuntsun teku a kan dogarin ƙarfe,
yana mana kallon raini.
Tizón ya miƙe kunne.
Eliseo ya naɗa igiya sau biyu a hannu,
yana dariya, yana share ido da kafaɗa.

Saura saba'in da bakwai.